Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Haɗa Dokar Bashi da Bindiga a Majalisar Amurka?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, malamin makarantar firamare daga Funtuwa, ya aiko mana da takarda yana cewa: Na taɓa jin labari wai a Amurka an kafa wata doka ta kare masu cin bashin banki, amma a cikinta har da izinin shiga gandun daji da bindiga. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya haɗa kifi da kaska? Ashe ɗan majalisa yana da ikon ya cusa duk abin da ya ga dama cikin shirin doka da sunan gyara? Ina roƙo a ba ni tarihin wannan al'amari.

AMSA: To Malam, muna godiya da wannan takarda taka, kuma labarin da ka ji gaskiya ne, babu ƙari a ciki. Mun amsa maka a taƙaice a rediyo, amma da yake minti biyar ba ta isa a warware zance irin wannan ba, ga shi mun kawo cikakken bayani a wannan shafi, dominka da sauran masu karatu.

Abin ya faru ne cikin watan Mayu na shekarar 2009. Majalisar dattijan Amurka tana muhawara a kan shirin dokar da za ta hana bankuna ƙara wa mutane kuɗin ruwa ba zato ba tsammani a kan katin cin bashi. Sai Sanata Tom Coburn na jihar Oklahoma ya miƙe ya kawo gyara, cewa a ƙyale mutane su shiga gandayen daji na gwamnatin tarayya da bindigoginsu, muddin dokar jihar da gandun yake ta yarda. Sanatoci 67 suka goyi baya, 29 suka ƙi. Shugaba Barack Obama yana bukatar dokar bashin ƙwarai, ba shi kuma da ikon ya yanke wani sashe ya sa hannu a kan sauran, saboda haka ran 22 ga watan Mayu ya sa hannu a kan duka biyun. Albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko ke nan.

Amma ga abin mamaki. Da a ce a majalisar wakilai aka fara kawo wannan gyara, ɗan majalisa guda ɗaya tak ya isa ya kashe shi tun ba a fara muhawara ba. Dalili kuwa, majalisar wakilai tana da wata tsohuwar ƙa'ida wadda za mu kira ƙa'idar dangantaka, ita kuwa majalisar dattijai ba ta da irinta sai a wurare kaɗan. Kalmar da suke amfani da ita asalinta daga Latin take, ma'anarta ɗan'uwa shaƙiƙi. Watau dole gyara ya zama ɗan'uwan maganar da ake kai. Ka san in ka sayi tumatir a kasuwa ka ce a yi maka gyara, tumatir za a ƙara maka, in ma an ɗora maka albasa guda ai duk miya ce. Amma ba wanda zai zuba maka ƙusoshi a kwando ya ce gyara ne, ya kuma ce in ba ka karɓi ƙusoshin ba to tumatirin ma ka bar shi. To, abin da ƙa'idar take so ta hana ke nan.

Tun daga Rum har Ingila

Wannan matsala ta girmi Amurka nesa ba kusa ba. Rumawan da sun sha fama da masu haɗa abin da jama'a suke so da wanda ba su so a cikin doka guda, don a tilasta su karɓi duka. Cikin shekara ta 98 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, suka kafa doka wadda ta haramta haɗa batutuwan da ba su da alaƙa da juna a shirin doka ɗaya.

A Ingila kuwa rikicin ya taso ne tsakanin majalisun biyu, ta talakawa da ta iyayen ƙasa. Tun cikin shekarun 1670 majalisar talakawa ta kafe a kan cewa dokar haraji tata ce, iyayen ƙasa ba su da ikon taɓa ko harafi ɗaya a ciki, sai dai su karɓa duka ko su ƙi duka. Daga nan sai dabara ta faɗo wa 'yan majalisar talakawa. Duk abin da suka san iyayen ƙasa ba za su yarda da shi ba, sai su goya shi a bayan dokar haraji. In iyayen ƙasa suka ƙi, baitulmali ya bushe, laifi kuma nasu ne. Haka suka yi wa Sarki William na Uku cikin 1700, suka goya dokar ƙwace filayen Ayalan da ya raba wa na hannun damarsa a bayan dokar harajin ƙasa, ya sa hannu ba da son ransa ba. Ganin haka, cikin watan Disamba na 1702 majalisar iyayen ƙasa ta zartar cewa liƙa baƙon al'amari a jikin dokar kuɗi ya saɓa wa al'adar majalisa, kuma hanya ce ta rushe tsarin mulki.

Gwaji mafi girma ya zo cikin 1704, zamanin Sarauniya Anne. A lokacin, doka ta ce ba mai riƙe muƙamin gwamnati sai mai bin cocin Ingila. Kiristocin da ke bin wasu ɗarikun sai su je cocin sau ɗaya a shekara don cika sharaɗi, sauran lokaci su koma nasu. 'Yan jam'iyyar Tori suka so a hukunta masu yin haka. Sau biyu majalisar talakawa tana zartar da dokar, iyayen ƙasa suna kashe ta. A karo na uku sai masu tsattsauran ra'ayi suka ce a goya ta a bayan harajin ƙasa, alhali kuwa da wannan harajin ake biyan sojan da ke yaƙi da Faransa. Ran 28 ga watan Nuwamba aka jefa ƙuri'a, 251 suka ƙi, 134 suka yarda. Da yawa daga cikin waɗanda suka ƙi suna son dokar a ransu, hanyar ce ba su yarda da ita ba.

Yadda ƙa'idar ta shiga Amurka

Majalisar wakilan Amurka ta fara zama a birnin New York cikin watan Afrilu na 1789, kuma a cikin ƙa'idojin farko da ta tsara wa kanta ran 7 ga watan har da wadda ta ce kada a kawo sabuwar magana a fake da sunan gyara don ta maye gurbin wadda ake muhawara a kanta. Cikin 1822 aka sake tsara kalmomin yadda suke har yau, cewa ba za a karɓi wata shawara a kan batu dabam da wanda ake dubawa ba da sunan gyara. Yau tana sashe na 7 na ƙa'ida ta 16. Jimla ɗaya ce rak, in da Bahaushe ne ya rubuta ta da cewa zai yi, an hana a fake da guzuma a harbi karsana.

Wannan kuwa sabon abu ne a lokacin. Thomas Jefferson, wanda ya wallafa littafin ƙa'idojin majalisa cikin 1801 bayan ya shugabanci majalisar dattijai yana mataimakin shugaban ƙasa, ya nuna cewa a tsohuwar al'adar Ingila ana iya yi wa shawara gyara har ta juye gaba ɗaya, masu ita da kansu su juya mata baya. Majalisar wakilai ta ga cewa taro mai yawa ba zai yi aiki a haka ba. Ta fara da kujeru 65, yau tana da 435. In kowa yana iya jawo maganar da ya ga dama a kowane lokaci, to rana za ta faɗi ba a gama komai ba. Daɗin daɗawa, ƙa'idar tana kare kwamitoci, waɗanda su ne suke zama su binciki magana, su kira masana, kafin a kawo ta zaure. Tana kuma kare ɗan majalisar da ya shigo da shirin muhawara a kan noma, kada a yi masa ba-zata da ƙuri'a a kan yaƙi.

To, wa ke yanke hukunci cewa gyara ɗan'uwa ne ko bare? Wanda ke kan kujerar shugabanci ne, bisa shawarar wani ma'aikaci masanin ƙa'idojin majalisa, wanda ba ɗan siyasa ba ne. Shi kuma ba da ka yake magana ba, hukunce-hukuncen baya yake dubawa, kamar yadda alƙali ke duba littafi. Wani ma'aikaci mai suna Asher Hinds ya tattara su cikin manyan littattafai a 1907, Clarence Cannon ya ƙara a kai cikin shekarun 1930, Lewis Deschler kuma, wanda ya riƙe muƙamin daga 1928 zuwa 1974, ya ɗora. Hukunce-hukuncen da aka yanke a kan wannan jimla guda sun kai dubbai.

Galibi abubuwa uku ake dubawa. Na farko, shin batun gyaran ɗaya ne da na shirin dokar? Na biyu, shin manufarsu ɗaya ce? Na uku, shin kwamitin da ke da hurumin dokar shi ne ke da hurumin gyaran? Bari mu ba ka misalai daga cikin waɗancan littattafai. An taɓa kawo shirin dokar yaƙi da ƙwaron da ke cin auduga, wani ya ce a ƙara wata tsutsa mai cinye ganyen itatuwa, aka ce a'a, ko da yake duk ƙwari ne. An kawo shirin shigar da yanki guda cikin tarayya, wani ya ce a ƙara wasu yankunan, aka ƙi. Amma da aka kawo shirin shigar da yankuna da yawa, wani ya ce a ƙara ɗaya, sai aka karɓa. Haka nan da ake maganar haƙa mashigin ruwa tsakanin tekuna biyu ta wata hanya, aka kawo gyara cewa a bi ta wata hanyar dabam, an karɓa, don manufar ba ta sauya ba. Ka ga ke nan, in dokar a kan abu guda take, ba a ƙara mata wani gudan ko a faɗaɗa ta, in kuwa a kan jinsi take, ana iya ƙara ɗan jinsin.

Sai dai a lura da abubuwa uku. Ƙa'idar ba ta aiki da kanta, sai wani ɗan majalisa ya miƙe ya ja hankalin shugaba kafin a shiga muhawara a kan gyaran. In kowa ya yi shiru, ya wuce. Na biyu, gyara kaɗai ta shafa, ba ta hana a rubuta shirin doka tun farko da batutuwa goma a cikinsa. Na uku, akwai kwamitin ƙa'idoji, wanda ke hannun jam'iyya mai rinjaye, yana iya kawo shawara a jingine ƙa'idar don wani gyara na musamman, in majalisa ta amince shi ke nan. Saboda haka sau da yawa marasa rinjaye ƙa'idar ta fi ɗaurewa.

Goyon da ya girgiza ƙasa

Kada ka ɗauka maganar gyara ƙaramar magana ce ta malaman takarda. Ran 8 ga watan Agusta na 1846, ana cikin yaƙi da Meziko, Shugaba James Polk ya nemi majalisa ta ba shi dala miliyan 2 don shirya sulhu da sayen ƙasa. Sai wani ɗan majalisa daga jihar Fensilbaniya, David Wilmot, ya kawo gyara cewa duk ƙasar da za a samu daga Meziko ba za a yi bauta a cikinta ba. Majalisar wakilai ta amince, a majalisar dattijai kuwa wa'adin zama ya ƙare ba a yi ƙuri'a ba. Shekara ta zagayo aka sake gwadawa, dattijai suka cire shi. Gyaran bai taɓa zama doka ba, amma a kansa ne aka ga 'yan majalisa sun bar layin jam'iyya sun rabu Arewa da Kudu. Wannan tsagewar ce ta yi ta faɗi har ta kai ga yaƙin basasa cikin 1861.

Bayan yaƙin sai aka koma ga tsohuwar dabarar Ingila, watau goyo a bayan dokar kuɗi. Cikin 1867 majalisa ta liƙa wa dokar kuɗin soja sharaɗin cewa duk umurnin da Shugaba Andrew Johnson zai ba soja sai ya bi ta hannun babban hafsa, ya sa hannu yana ƙorafi. Cikin 1879 kuma jam'iyyar Dimokurat, wadda ke da rinjaye a majalisun biyu, ta goya wa dokokin kuɗi sharaɗin janye sojan tarayya da jami'anta daga rumfunan zaɓe, abin da zai bar baƙar fata na Kudu ba mai kare su ranar ƙuri'a. Shugaba Rutherford Hayes ya hau kujerar na-ƙi ran 29 ga watan Afrilu, ya kuma yi ta maimaitawa duk lokacin da suka sake aiko masa. Hujjarsa ita ce, in aka saba da cewa ko dai shugaba ya sa hannu ko gwamnati ta tsaya, to ikon ƙin sa hannu da tsarin mulki ya ba shi ya zama na banza. Ba su sami kashi biyu cikin uku da za su danne shi ba, a ƙarshe su suka ja da baya.

Har ƙasashen waje abin ya shafa. Sharuɗɗan da Amurka ta gindaya wa ƙasar Kyuba cikin 1901, waɗanda suka ba ta damar tsoma baki a harkokin tsibirin, suka kuma kai ga kafa sansanin Guantanamo, a bayan dokar kuɗin soja aka goyo su, da sunan Sanata Orville Platt.

Ƙofar da dattijai suka bari a buɗe

Yanzu sai ka ce, to me ya hana majalisar dattijai yin irin wannan ƙa'ida? Ita majalisa ce ƙarama, ta fara da mutum ƙasa da 30, yau tana da 100, kowace jiha biyu. Tun asali tana alfahari da abu biyu, sanata ya yi magana iyakar son ransa, ya kuma kawo gyaran da ya ga dama. Wurare kaɗan ne ake tilasta dangantaka: a kan manyan dokokin kasafin kuɗi, da bayan an yi ƙuri'ar rufe muhawara, wadda aka ƙirƙiro cikin 1917 kuma tun 1975 take bukatar sanatoci 60, da kuma lokacin da dukkan sanatoci suka yarda da hakan baki ɗaya.

Kada kuma ka yi saurin cewa wannan ƙofa sharri ce zalla. Cikin 1960 shugaban kwamitin shari'a na majalisar dattijai shi ne James Eastland na jihar Misisipi, mutumin da duk shirin dokar 'yancin baƙar fata da ya shiga kwamitinsa ba ya fitowa. Ana nan sai ga wani ɗan ƙaramin shirin doka ya iso daga majalisar wakilai, na ba wa wata makaranta a ƙauyen Stella ta jihar Misuri aron ginin soja, don tasu ta ƙone. Ran 15 ga watan Fabrairu shugaban masu rinjaye, Lyndon Johnson, ya kawo shi zaure, sa'an nan ya sanar cewa ƙofa a buɗe take ga duk mai gyara a kan 'yancin baƙar fata. Sanatocin Kudu suka yi ca, suka shiga jan magana dare da rana har aka shimfiɗa gadaje a majalisa. Amma dai maganar ta fito fili, kwamiti bai iya binne ta ba, kuma ran 6 ga watan Mayu Shugaba Eisenhower ya sa hannu a kan dokar 'yancin jama'a ta 1960.

Haka nan cikin 1970, ana sabunta dokar kare 'yancin ƙuri'a, sanatoci irin su Mike Mansfield da Edward Kennedy suka goya mata gyaran rage shekarun jefa ƙuri'a daga 21 zuwa 18. Majalisar wakilai ta tsinci kanta gaba kura baya sayaki, in ta ƙi goyon uwar ma tana iya salwanta, sai ta karɓa. Shugaba Nixon ya sa hannu yana shakka. Cikin Disamba kotun ƙoli ta ce dokar ta hau zaɓen tarayya amma ba ta hau na jihohi ba, abin da ya tilasta aka yi wa tsarin mulki gyara na 26 cikin 1971. Irin wannan ne ya sa a farkon shekarun 1970 majalisar wakilai ta tsara wa kanta hanyar yin ƙuri'a dabam a kan baƙin abubuwan da dattijai suka liƙo. Ko cikin 2009 ma sai da wakilai suka raba ƙuri'a biyu, ɗaya a kan bashi ɗaya a kan bindiga, kowanne kuma ya sami rinjaye.

Amma ta ƙofar da alheri ya shiga, ta nan son zuciya ma yake shiga. Cikin 1966 an ɗora wa wata dokar harajin baƙi masu zuba jari gyare-gyare masu yawa, kowa da abin da yake nema wa mutanensa, har 'yan jarida suka yi mata laƙabi da bishiyar Kirsimeti, don kowa ya rataya mata kyautarsa. Cikin 2006 kuma dokar hana biyan kuɗin caca ta intanet a bayan dokar tsaron tashoshin jiragen ruwa ta wuce, a daren ƙarshe kafin majalisa ta tafi hutun zaɓe.

Akwai wuri guda da dattijai suka ɗaure kansu tamau. Dokar kasafi ta 1974 ta buɗe wata gajeriyar hanya ta zartar da dokokin haraji da kashe kuɗi da rinjaye kawai, muhawara kuma ba ta wuce awa 20. Da aka ga sanatoci sun mai da ita jakin kowa, sai Sanata Robert Byrd ya kawo ƙa'ida cikin 1985, wadda ta zama ta dindindin cikin 1990, cewa duk abin da bai shafi shigar kuɗi ko fitarsu kai tsaye ba a cire shi, sai in sanatoci 60 sun ce a bar shi. Da wannan ƙa'ida ce cikin watan Fabrairu na 2021 masaniyar ƙa'idojin majalisar, Elizabeth MacDonough, ta ce ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a awa ba zai shiga dokar agajin annobar korona ba, aka kuwa cire shi. Kujerar ba ta da daɗin zama, don cikin 2001 shugaban masu rinjaye Trent Lott ya sallami wanda ke kanta, Robert Dove, bayan wasu hukunce-hukuncensa sun ɓata wa jam'iyyarsa rai.

Wasu wuraren fa?

Jihohin Amurka sun fi tarayya tsanani. Bayan wata badaƙalar sayar da filaye cikin 1795, jihar Jojiya ta sa a tsarin mulkinta na 1798 cewa dole abin da ke cikin doka ya dace da sunanta. Jihar New Jersey ta ce cikin 1844 kowace doka batu guda. Yau jihohi sama da 40 suna da irin wannan sharaɗi, kuma kotu tana iya soke dokar da ta karya shi. An gwada ba shugaban ƙasa ikon yanke wani sashe na dokar kuɗi cikin 1996, amma kotun ƙoli ta soke wannan iko cikin 1998.

A Faransa, inda su ma "mahayi" suke ce wa irin wannan goyo kamar yadda masu Ingilishi ke cewa, majalisar kare tsarin mulki ce take sauke shi. Ran 25 ga watan Janairu na 2024 ta soke sassa 32 daga cikin 86 na dokar shige da fice, ba don abin da suka ƙunsa ba, sai don ba su da alaƙa da shirin da gwamnati ta gabatar tun farko.

Mu ma nan gida mun ɗanɗana. Tun 1979 Nijeriya ta ɗauki tsarin majalisu biyu irin na Amurka. Cikin 2006 an ɗaure gyare-gyaren tsarin mulki sama da 100 a dami ɗaya, a tsakiyarsu har da na ba shugaban ƙasa da gwamnoni damar zarcewa karo na uku. Ran 16 ga watan Mayu majalisar dattijai ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da damin dukansa, masu kyau suka tafi tare da wanda ake gudu. Wake ɗaya ya ɓata gari. Cikin 2015 kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙi sa hannu a kan wani damin saboda wasu sassa da bai yarda da su ba, aikin shekaru ya tashi a banza. Daga nan aka ɗauki darasi, aka koma rarraba su ɗaya bayan ɗaya. Cikin Maris na 2022 majalisa ta yi ƙuri'a a kan shirye-shirye 68 kowanne da kansa, cikin Maris na 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan 16, har da waɗanda suka ba jihohi hurumi a harkar wutar lantarki da jirgin ƙasa.

To Malam, amsar tambayarka a taƙaice ita ce, ya danganta da zauren da ɗan majalisa yake tsaye. A majalisar wakilan Amurka ba shi da wannan iko, in dai akwai wanda ya farga ya miƙe, kuma masu rinjaye ba su jingine ƙa'idar ba. A majalisar dattijai kuwa galibi yana da shi. In ka tambaye mu ra'ayinmu, mun fi karkata ga a bar kowace magana ta tsaya da ƙafarta, domin ranar da wakilinka ya dawo gida ka tambaye shi me ya sa ya goyi bayan abu kaza, kada ya ce maka ai ba shi ya zaɓa ba, a bayan dokar albashi aka goyo shi. Amma ba mu mance da makarantar Stella ba. Inda shugaban kwamiti guda zai iya danne haƙƙin miliyoyin mutane a cikin aljihun teburinsa, dole a bar wata ƙofa ko da ƙarama ce. Abin da ya rage gare ka da sauran masu karatu shi ne, in kun ji an ce an zartar da doka kaza, kada ku tsaya ga sunanta, ku tambayi abin da ta goyo.

Da fatan Malam ya gamsu. A gaishe mana da 'yan makaranta da mutanen Funtuwa baki ɗaya. Masu tambaya kuma su ci gaba da aiko da takardunsu, a rubuta tambaya ɗaya a kowace takarda, kada a goyo mana wata a baya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.